Haƙƙin Ɗan Kallo a Kan Masu Gida: Daga Ƙofar Kabuga Zuwa Filin Wasa na Ƙofar Mata

A ranar Lahadi, 12 ga Oktoba na 2025, Kano Pillars ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Masu gida ne ke gaba da ci 1 har dab da tashi, sannan baƙi suka farke. Da aka busa usur na ƙarshe sai wasu 'yan kallo suka haura shinge suka afka cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar Firimiya ta Nijeriya ta zabtare wa Pillars maki 3 da ƙwallo 3, ta ci ta tarar naira miliyan 9.5, ta kuma mayar da wasanninta na gida Katsina. An taɓa ganin irin haka a watan Afrilu na 2022, lokacin da aka watse daga wasan Pillars da Katsina United ba a kammala ba, aka farfasa motar baƙin. A wancan karon ma an rage maki, an kori ƙungiyar daga gidanta zuwa Abuja, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na ƙasa.

Babu mai hankalin da zai ce kada a hukunta wanda ya ɗaga hannu ya doki alƙalin wasa. Sai dai idan cuta ta dawo cikin ƙasa da shekara 4 bayan an sha magani, ya kamata a sake duban maganin. Waɗanda suka haura shinge ƙalilan ne idan aka gwada su da dubban da suka biya kuɗinsu suka zauna lafiya, amma a kan waɗannan dubban korar take faɗawa. Magidancin da ke zaune a Kabuga ko Ɗorayi ko Rijiyar Zaki, wanda bai jefi kowa ba, shi ake raba wa da ƙungiyarsa da tafiyar kimanin kilomita 170. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke fashewa a minti na 90 yana da saiwa a cikin awa 4 ko 5 da suka gabace shi: yadda ɗan kallo ya zo, yadda ya shiga, inda ya zauna, da irin muryar da aka yi masa magana da ita. Wanda ke son zaman lafiya a filin Ƙofar Mata, daga nan ya kamata ya fara gyara.

Fili mai tarihi a birni mai cika

Filin Sani Abacha ya ga manyan taruka. An buga wasannin gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, da na gasar cin kofin Afirka da Nijeriya da Ghana suka ɗauki nauyi a 2000, da na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ita kuwa Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A wannan fili Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai, a nan kuma Rabi'u Ali ya shafe shekaru yana jan ragamar ƙungiyar.

Wurin zaman da ke filin bai wuce na mutum kimanin 16,000 ba, a birnin da ƙiyasi ya nuna mazaunansa sun haura miliyan 4. Yawancin ƙungiyoyin Nijeriya kukan rashin 'yan kallo suke yi. Kano na cikin wurare ƙalilan da matsalarsu ita ce yawan masu son shiga. Wannan arziki ne da kuɗi ba ya saye. Sai dai arzikin jama'a irin na ruwan sama ne: inda aka yi masa magudana ya raya gona, inda aka bar shi ya ci gida.

Nauyin kirari

Kirarin ƙungiyar shi ne «Sai Masu Gida». Masana al'ada sun san kalmar maigida tana ɗauke da iko, tana kuma ɗauke da nauyi. Maigida ne ke shimfiɗa tabarma, shi ke kawo ruwa, shi ke raka baƙo har bakin zaure. A fatauci ma, maigida shi ne fatoman da ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya tsare masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, kuma mutuncinsa ya rataya ne a kan baƙon ya koma gida lafiya. A kan wannan amana kasuwar Kurmi ta rayu shekaru aru-aru. Cikin halaye 10 da Kirk-Greene ya zayyana a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, akwai karamci da amana da haƙuri da adalci, kuma duk huɗun ana gwada su ne a ranar da baƙo ya zo.

A filin ƙwallo an daɗe ana karanta kirarin da rabinsa kawai, wato rabin iko. Akwai dalili na tarihi. Daga 2003 zuwa 2015 ba a doke Pillars a gida ba a gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Shekara 12 sun isa yaro ya girma bai taɓa ganin an ci ƙungiyarsa a gabansa ba. Abin alfahari ne, amma ya bar gado mai nauyi: an wayi gari akwai masu ɗaukar kunnen doki a gida a matsayin cin mutunci, ba sakamakon wasa ba. Wanda ya zo fili da wannan fahimta, ƙwallo ɗaya a minti na ƙarshe ta isa ta fitar da shi daga hayyacinsa.

Maigida a ranar wasa shi ne gwamnatin jiha da ke da filin da ƙungiyar, tare da hukumar gudanarwar ƙungiyar. Baƙinsa kashi biyu ne. Akwai ƙungiyar da ta zo daga Ibadan ko Aba ko Jos, da alƙalan da aka turo. Akwai kuma ɗan kallon da ya fito daga unguwarsa ya biya kuɗi. An saba tunawa da kashi na farko idan an yi ɓarna. Kashi na biyu kuwa kusan ba a lissafa shi cikin baƙi. Da wuya a koya wa mutum karrama baƙo a wurin da shi kansa ba a karrama shi ba.

Hanya

Ƙofar Kabuga tana yammacin birni, Ƙofar Mata tana gabas, don haka ɗan kallon Kabuga sai ya ratsa birnin ko ya zagaye shi. In ya bi ta ciki, ya ɗauki Tal'udu da Mandawari ya ɓulla ta wajen gidan Sarki. In ya bi ta bayan ganuwa, ya wuce tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, ya bi Dukawuya da Gadon Ƙaya da Na'isa da Ɗan'agundi da Sabuwar Ƙofa har Ƙofar Nasarawa, sannan ya nufi fili. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, adaidaita-sahu ce abin hawan talaka, kuma ranar wasa ɗaruruwansu ne ke sauke mutane a bakin titi ɗaya, a yankin da ya haɗa filin Idi da marinar Ƙofar Mata da hanyar asibitin Murtala da ta Kantin Kwari.

Gyaran wannan ba ya buƙatar sabon gini. Mahaɗar Kabuga tana tara mutanen titin Gwarzo da na Ɗorayi da na Tudun Yola da ɗaliban jami'a. Wuri ne da ya dace a ce ranar wasa akwai motocin bas da ke tashi daga nan kai tsaye zuwa fili, su kuma jira su dawo da mutane. Haka za a yi a sauran manyan mahaɗun birnin. A ware wurin sauke fasinja nesa kaɗan da ƙofofin fili, jami'an KAROTA su tsare hanyar masu tafiya a ƙasa, a bar hanyar asibiti a buɗe ko da wane hali. Abu mafi sauƙi kuma mafi amfani shi ne a daina tara sayar da tikiti a bakin fili ranar wasa. Babu unguwar da ba ta da mai POS, babu wadda ba ta da gidan kallon ƙwallo. Idan mutumin Kabuga zai iya sayen tikitinsa a unguwarsu tun ranar Alhamis, kuma aka daina sayarwa da zarar adadi ya cika, wanda bai samu ba ba zai taso ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙofa

Bakano ba ya buƙatar a yi masa bayanin muhimmancin ƙofa. Birninsa da ƙofofi aka san shi, kowace da sarkin ƙofarta wanda a da yake buɗewa da safe ya rufe da dare, ya san mai shiga da mai fita. Ta Kabuga sojojin Ingila suka kutsa cikin birnin a watan Fabrairu na 1903. Abin mamaki ne a ce a irin wannan gari ƙofar filin wasa ce wurin da aka fi barin al'amari ga sa'a.

Shigar jama'a tana da lissafi. Kundin ƙa'idojin tsaron filayen wasa na Birtaniya, wanda aka fara fitarwa a 1973 bayan mutum 66 sun mutu a filin Ibrox na Glasgow a 1971, ya ƙayyade cewa kada a lissafa wa mashiga ɗaya fiye da mutum 660 a awa guda. Bisa wannan ma'auni, filin da ke ɗaukar mutum 16,000 yana buƙatar mashiga 25 kafin ya cika cikin awa ɗaya ba tare da matsi ba. Idan 6 kawai aka buɗe, aikin awa 4 ne. Mutanen da suka iso saura minti 40 a take wasa ba za su jira awa 4 ba. Za su tura na gabansu, na gaba su matse da ƙarfen ƙofa, mai tsaro ya ɗaga bulala, masu ƙarfi su haura katanga. Duk wanda ya shiga ta wannan hanya ya shiga da zuciya a wuya, kuma ya koyi darasi tun daga waje cewa a wannan wuri ƙarfi ne doka.

Afirka ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka. A ranar 9 ga Mayu na 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a Accra, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum 126 suka mutu, cikinsu har da matasan unguwar Nima inda Hausa ke cikin harsunan yau da kullum. A ranar 24 ga Janairu na 2022, mutum 8 sun mutu a turmutsutsu a ƙofar filin Olembe na Yawunde, filin da yake sabo fil. A Hillsborough ta Ingila a 1989, inda aka rasa mutum 97, an daɗe ana ɗora laifi a kan 'yan kallo kafin bincike ya tabbatar da cewa sakacin masu kula da shiga ne. Ƙa'idojin FIFA sun hana jami'an da ke gefen fili riƙe bindiga ko barkonon tsohuwa saboda irin waɗannan abubuwa.

Abin da ake buƙata a Ƙofar Mata sananne ne: a buɗe ƙofofi da wuri kuma a buɗe su duka, a yi layuka da shingen ƙarfe tun daga nesa, kowane tikiti ya nuna ƙofar da mai shi zai bi, a ƙirga masu shiga, a tsaya idan an cika, kada a kulle ƙofar fita muddin akwai mutum a ciki. Sannan a bambanta aikin ɗan sanda da na mai kula da 'yan kallo. Na biyun farar hula ne da aka horar, sanye da riga mai alama, wanda ya juya wa wasa baya ya fuskanci jama'a, ya san sashensa kamar yadda sarkin ƙofa ya san ƙofarsa. Idan daga ƙungiyoyin magoya baya na unguwanni aka ɗebo su, aka riƙa biyansu, matashin da ke shirin haura shinge zai ga fuskar wanda ya san mahaifinsa.

Zama

Yawanci da ƙarfe 4 na yamma ake take wasa. Wanda ke son wuri mai kyau yana shiga tun rana na tsakiya, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Kamar a yawancin filayen ƙasar nan, rumfa ta manyan baƙi ce da masu tikiti mai tsada. Talaka yana ƙarƙashin rana. Lokacin La'asar yana riskarsa a ciki, ana tashi kuma Magariba ta gabato. Duk mai tsara ranar wasa a Kano da bai sa ruwan sha da wurin alwala da wurin salla da makewayi mai tsafta a sahun farko ba, ya tsara wa wani gari ne dabam. Mutumin da aka sa ya zaɓa tsakanin sallarsa da wurin zamansa, ko ya riƙe fitsari awa 4, ba a yi masa adalci ba, ko da ƙungiyarsa ta ci 5.

Famfuna da tankunan ruwa a bayan kowane sashe, da shimfiɗar salla, da ma'aikatan shara, ba su kai kuɗin sayen ɗan wasa ɗaya ba. Masu sayar da ruwa da tsire da gurasa da rake suna da haƙƙin neman abinci, kuma suna cikin daɗin ranar. Abin da ya dace shi ne a yi musu rajista a ba su wuri, a hana shiga da kwalba da duk abin da za a iya jifa da shi. Rufe sauran sassan fili da rumfa aiki ne mai tsada da za a iya yi sashe-sashe, shekara bayan shekara. Kafin nan, a ranakun tsananin zafi, jinkirta wasa zuwa bayan Magariba ya fi sauƙi idan fitilun fili na aiki.

Akwai kuma waɗanda ba a gani a filin, kuma rashinsu shaida ne. Mata ƙalilan ne ke zuwa, dattawa da yawa sun daina, uba yana tunani sau biyu kafin ya ɗauki ɗansa mai shekara 8. Sashen iyali mai ƙofarsa dabam, da makewayin mata, da mata masu bincike a bakin shiga, zai dace da al'adar gari, zai kuma sauya yanayin fili, domin matashin Bahaushe yana jin kunyar ashar a gaban sa'ar mahaifiyarsa. Haka masu buƙata ta musamman. Kano gari ne da waɗanda shan-inna ta taɓa suke buga ƙwallonsu ta kan allo mai taya, kuma dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta bai wa gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya wuce.

Kada a manta filin yana da kishiya. Gidan kallon ƙwallo na Kabuga yana ba mutum benci da inuwa da fanka, kuɗin shiga sananne, wasan Ingila ko na Sifen yana farawa a kan lokaci, masallaci yana kusa. Duk wanda ya bar wannan ya tafi Ƙofar Mata ya yi ne don ƙauna. Idan masu natsuwa suka gaji suka koma benci, filin zai rage wa waɗanda hayaniyar ce ke kawo su.

Harshe da kiɗa

A nan batun ya shigo fagen masu nazarin Hausa kai tsaye. Taron Bahaushe bai taɓa tafiya ba tare da murya mai jagora ba. A fada akwai sanƙira, a biki akwai maroƙi, a dandalin dambe akwai makaɗi da mai shela. Ɗan'anace ya zuga Shago, amma makaɗin da ke tayar da tsikar ɗan dambe shi ne kuma ke sauya kiɗa idan an yi kisa, a ɗaga wanda ya faɗi, a rungumi juna. A gidan dambe magoya bayan Kudu da Arewa da Guramada suna zama da'ira ɗaya, a yi kirari, a yi habaici, wanda aka kashe wa gwani ya haɗiye ya jira gobe. Ba a rasa hayaniya, amma al'adar ta tanadi hanyar faɗuwa ba tare da zubar da mutunci ba. Wannan ne ƙwallon ƙafa ta gida ba ta gada ba.

Mai riƙe da lasifikar filin wasa sanƙira ne, ya sani ko bai sani ba. Ya kamata a zaɓe shi don iya harshe da sanin jama'a, ya yi magana da Hausar da mutane ke ji, ya yi wa baƙi maraba da sunan garinsu, ya bayyana dalilin jinkiri idan an samu, ya faɗi minti nawa aka ƙara, ya nuna ƙofofin fita kafin a buƙace su. A lokacin firgici mutum harshen uwarsa kawai yake ji, don haka sanarwar gaggawa da aka rubuta da Hausa tun kafin ranar, aka kuma gwada ta, kayan ceton rai ce daidai da motar asibiti. Allunan fili ma su kasance da Hausar boko da ajami da zane, domin akwai dubban da ajami ya fi musu sauƙi.

Harshen ya riga ya yi nasa aikin. Gidajen rediyo da 'yan kallo sun samar da «kunnen doki» da «satar gida» da «bugun daga kai sai mai tsaron gida» da «hutun rabin lokaci». Abin da ya rage shi ne a tattara, a daidaita, a fassara dokokin wasa da ƙa'idojin fili da Hausa mai sauƙi, domin wani kaso na fushin da ake yi wa alƙali daga rashin sanin doka yake. Jami'ar Bayero, wadda tsohon mazauninta ke maƙwabtaka da Ƙofar Kabuga, ita ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Cibiyar da ta yi wannan aiki ba za ta gaza wannan ba.

Al'ada tana da wata taska kuma, wato wasan barkwanci. Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, sun daɗe suna gaya wa juna maganar da za ta jawo faɗa a wani wuri, a ƙare da dariya. Hamayyar ƙwallo tana buƙatar irin wannan mazubi. Ƙungiyar magoya baya da ke da makaɗanta da mawaƙanta za ta iya mayar da zafin hamayya zambo da habaici, wanda ya fi dutse isa inda aka aike shi kuma ba ya jawo tara.

Abin da za a ce

Za a ce babu kuɗi. Amsar tana cikin lissafin abin da ake asara: tara, da kuɗin ƙofa na wasannin da aka buga a wani gari, da kuɗin mota da masauki na ƙungiyar da ta zama baƙuwa a wasanta na gida, da makin da ka iya jefa ta rukuni na ƙasa kamar yadda aka gani a 2022. Kamfanin da ke son tallata hajarsa ma ba ya liƙa sunansa a inda ake jifa. Rigakafi ya fi magani, a nan kuma ya fi shi araha.

Za a ce matsalar 'yan daba ce da masu shaye-shaye, waɗanda ruwan sanyi da inuwa ba za su gyara ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma kyautata wa jama'a ba ya nufin sassauta wa mai laifi. Sai dai bango ne ke tsagewa kafin ƙadangare ya samu wurin shiga. A cikin turmutsutsun da ba a san wanda ya shiga ba, mai laifi yana ɓacewa. Inda akwai tikiti mai lamba da kyamara da masu kula da suka san fuskoki, ana iya kama shi, a kai shi kotu, a hana shi shiga fili na shekaru, kamar yadda Ingila ta yi wa masu tarzomarta. Hukuncin da ya sami mutum ɗaya da sunansa ya fi tsoratarwa a kan wanda aka raba wa gari guda.

Za a ce alƙalanci ne tushen fitina. Zargin alƙalai tsoho ne a gasar Nijeriya, kuma ba a Kano kaɗai ake yinsa ba. Wannan nauyin hukumar gasa ne: ta tabbatar ana ɗaukar kowane wasa a bidiyo, ta biya alƙalai haƙƙinsu a kan kari ba ta hannun masu gida ba, ta bayyana hukuncin da ta yi wa wanda ya yi son kai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma kuskuren alƙali ba ya halatta duka, kuma alƙalin da ya san zai fita lafiya ya fi iya yin gaskiya a kan wanda ke busa usur yana waigen shinge.

Kammalawa

Birnin da ke tara dubban mutane a filin Idi na Ƙofar Mata, dab da filin wasan, su yi sahu su watse cikin natsuwa, wanda kuma hawan Sallarsa ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024, ba za a ce bai san sarrafa taro ba. Ilimin yana nan wurin masu unguwanni da dogarai da 'yan agaji da makaɗa. Ba a kai shi filin ƙwallo ba ne kawai, saboda an ɗauki ƙwallo wasan yara.

Haka ma a fagen nazari. An yi rubuce-rubuce masu yawa kan dambe da kokawa da waƙoƙin maza, amma filin ƙwallo, inda dubban Hausawa ke ƙirƙirar kirari da zambo da sababbin kalmomi duk mako biyu, bai samu rabonsa ba. Ɗalibin da ya zauna cikin 'yan kallo kaka guda yana rubuta abin da suke faɗa, yana tambayarsu abin da ke kawo su da abin da ke korarsu, zai fito da kundin digiri, zai kuma miƙa wa hukumar ƙungiyar bayanin da take buƙata.

Kowane hukuncin kora yana da ranar ƙarewa. Idan aka dawo aka buɗe ƙofofin nan kamar yadda aka rufe su, babu dalilin tsammanin wani sakamako dabam. Gwamnatin jiha da hukumar Pillars su ne masu gida, su ya kamata su fara shimfiɗa tabarma. Bayan nan suna da bakin da za su nemi ɗan kallo ya raka baƙo har bakin zaure.